Tsoro Na Daji, Kunya Na Gida

  

A cikin wasiƙun da suka iso mini a wannan wata akwai ta wata ɗalibar sakandare daga Ajingi, wadda na ga bai kamata ta jira ba. Ga abin da take cewa:

"Anti, ina da ƙanwa 'yar shekara 9, tana aji 4 a firamare. Malamansu sun zaɓe ta ta wakilci makarantarsu a gasar haɗa baƙi ta Turanci, wato sifelin, da za a yi a Gaya nan da mako 3. A gida duk kalmar da na ba ta sai ta kawo ta tiryan-tiryan, amma da aka gwada su a asambuli, hedimasta na miƙa mata makirfo sai ta daskare, ta hau kyarma, ta fashe da kuka, yara suka yi ta yi mata dariya. Yau kwana 2 ke nan ta ƙi zuwa makaranta. Baba ya ce in abin wahala ne ta haƙura da bokon gaba ɗaya. Don Allah Anti ki ba ni shawara."

To 'yar uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya bar zumunci. Maganar Baba ce ta fi tayar mini da hankali, don gasa ta yini ɗaya ce, an ci ko an faɗi kowa zai hau mota ya koma gida, amma yarinya tana iya barin makaranta har abada saboda dariyar minti biyu. Shi ya sa aikinki na farko shi ne ki mayar da ita aji, kofi kuma in Allah ya kawo mun gode.

Ki fara sanin cewa abin da ya same ta ba iska ba ce, ba kuma daƙiƙanci ba ne. Idan mutum ya ga idanu sun yi masa caa, jikinsa yakan ɗauka haɗari ne ya taso, sai wasu 'yan halittu da ke zaune a saman ƙoda su saki wani sinadari da likitoci ke kira adirenalin a cikin jini. Nan take zuciya ta hau dukan uku-uku, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, fitsari ya matsa, abin da aka haddace kuma ya ɓace ɓat kamar an share allo. Karatun yana nan bai je ko'ina ba, hankali na kwanciya zai dawo. Ki yi mata wannan bayani da irin maganar da za ta gane, ki ce mata har malamai da masu wa'azi gabansu yana faɗuwa in za su miƙe a taro.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya. Tun yarinya tana tatata muke koya mata ta sunkuyar da kai in babba yana magana, ta rage murya, kada ta haɗa ido da manya. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba ni da ja. Amma fa rana tsaka sai mu tsayar da ita gaban alƙalai da iyayen ƙasa mu ce ta ɗaga kai ta buɗe murya, alhali ko a tsakar gida ba ta taɓa yi ba. Ina za ta iya? Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, ai kin ga tun asali sun raba su. Ƙanwarki tana bukatar ta ji daga bakin manya cewa amsa tambayar malami da murya sarai ba rashin kunya ba ne. In Inna da kanta ta faɗa mata haka, wallahi rabin aikin ya ƙare.

Ki kuma tuna mata cewa haɗa baƙi ba baƙon abu ba ne a wurinta. A makarantar allo ai da babbaƙu aka fara mata, tana kiran harafi ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi a gaban malam da sauran yara, kafin ta shiga farfaru. Abin da za ta yi a Gaya ke nan, harshen ne kawai ya canza.

Yanzu ga yadda za ki yi da makonnin nan 3, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Mako na farko, ku biyu kawai a ɗaki. Amma a tsaye za ta yi, ba a kwance kan tabarma ba, ki ba ta muciya ko ludayi ta riƙe a matsayin makirfo. Minti 15 bayan la'asar sun isa, kada ki gajiyar da ita. Ki fara da kalmomin da kika tabbata ta iya, don bakinta ya saba da daɗin "kin yi daidai".

Mako na biyu, ku fito tsakar gida. Yau Inna kaɗai, gobe a ƙara Gwaggo, jibi yaran maƙwabta. Ki tsaya can bakin zaure ki ce sai kin ji ta daga nan. Ki ja kunnen 'yan uwanki maza tun da wuri, duk wanda zai yi dariya ya fita. Wata rana ki sa ta kuskure da gangan, ta ga an ce "ba daidai ba ne" kuma sama ba ta faɗo ba.

Mako na uku, ki roƙi malaminta ya bari ta gwada a gaban ajinsu, sannan da makirfo na gaske in akwai, ko da irin na masu sanarwar biki ne. Yara da yawa muryarsu ce ke firgita su in suka ji ta ta fito daga lasifika karo na farko.

Akwai kuma tarkon da ke kama 'ya'yan Hausawa a sifelin, kuma tsoro ke ƙara masa ƙarfi. Harafin da Bature ke kira "i" shi ne E, wanda yake kira "ai" shi ne I, A kuma sunansa ya fi kama da namu "e". Yarinyar da ta fara da a, e, i, o, u na Hausa tana ruɗewa sai bakinta ya koma gida. Haka G da J, haka P da F, haka B da V, tunda a maganarmu ba mu raba P da F, V kuwa babu shi sam. Ki ware minti 5 kullum kan sunayen haruffan nan kaɗai. Sai kalmomi masu harafin da ba a furtawa, irin su knife da island da Wednesday, ki rubuta mata su daban a bayan littafi.

Ki koya mata tsari ɗaya da za ta bi kowace kalma: ta saurara, ta ja numfashi ta hanci, ta sake shi a hankali ta baki, ta maimaita kalmar, ta rubuta ta da yatsa a tafin hannu, sannan ta fara kira. Sakin numfashi a hankali yana rage gudun zuciya. A babbar gasar Amurka, wadda aka fara tun 1925, yaro yana da damar ya ce a maimaita masa kalma, a faɗi ma'anarta, ko a sa ta a jimla, amma harafin da ya riga ya fita ba a canza shi. Ki tambayi malamin ko dokar tasu haka take, in haka ne to gaggawa ba tata ba ce.

Ranar gasa kada a tashe ta da asuba a ce bita. Ta yi barci sosai, ta karya da koko da ƙosanta kamar kullum, ta zaga bayi kafin a fara, ki riƙe mata ruwa. Ki zauna inda za ta hango ki, ki ce in idanu sun yi mata yawa ke za ta kalla. Ki tuna mata addu'ar Annabi Musa da ke cikin Suratu Ɗaha, wadda ya yi lokacin da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi a buɗa masa ƙirji a warware masa harshe, har ya nemi a haɗa shi da ɗan uwansa Haruna. Don Allah ban da "kada ki ba mu kunya", wannan kalma ta karya yara da yawa. Ki ce mata, "Ko kin ci ko ba ki ci ba, tare za mu dawo, kuma tsirenki yana nan."

Shi kuwa Baba, ki same shi cikin ladabi bayan ya ci abinci ya huta, ko ki bi ta wurin Inna. Tausayin 'yarsa ne ya sa shi faɗin haka. Ki tuna masa musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, inda 'yan mata cikin hijabinsu suke zama gaban manyan alarammomi su yi karatu da makirfo, ba wanda ya ce sun yi rashin kunya. A 2024 Hajara Ibrahim Ɗan'azumi 'yar jihar Gombe ta je har ƙasar Jodan ta zo ta ɗaya a musabaƙar mata ta duniya. Ita ma Zaila Avant-garde, baƙar fatar Amurka ta farko da ta ci waccan gasar sifelin a 2021 tana 'yar shekara 14, ai ta shiga a 2019 aka fitar da ita tun da wuri, ta koma ta sake shiri.

In kuma kin yi duk wannan har ranar ta matso yarinya ta kafe ba za ta ba, kada a doke ta, kada a ja ta dole. Ku je tare ta zauna cikin 'yan kallo ta ga yadda ake yi, baɗi ma rana ce. Amma makaranta kam, gobe-goben nan ki riƙe hannunta ki raka ta har bakin aji.

Ku kuma sauran ƙannena na Toranke da Balare da Gafasa da duk inda mujallar nan take isa, kowacce ta duba ƙaninta ko ƙanwarta, watakila akwai mai irin wannan damuwa da ya yi shiru. Ina jiran wasiƙunku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.