Man birki ma yana tsufa

Mai moto a ƙasarmu ba ya manta juyen man inji, amma man birki sai ya shekara biyar ba a taɓa shi ba. Hujjarsa ita ce bai ga yoyo ba, kuma birki na kamawa. Wannan hujja ba ta da tushe.

Man da ke tafiyar da birkin faifai, irin su DOT 3 da DOT 4, yana shan laimar iska a hankali, ko da murfi na rufe. Bisa ƙa'ida, sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230. In ya sha ruwa, yana iya tafasa a digiri 155. Ranar da aka ɗauko kaya mai nauyi ana ta danna birki, sai man ya yi tururi, hannun birki ya lotsa, moto ta ƙi tsayawa. Ruwan nan kuma yana cin ƙarfe daga ciki.

Don haka masu ƙera moto suka tsayar da juye man duk shekara 2, da yawansu kuma sun ce a sake tiyon roba duk shekara 4. In man ya yi baƙi, ko hannun ya yi laushi, a je garaji a juye, a fidda iska. In ya ragu, a duba takalman birki kafin a ƙara. A goge ƙura kafin buɗe murfi, kuma a sayi man cikin kwalba rufaffa, domin wanda ya kwana a buɗe ya riga ya sha laima.

Yawancin ƙananan motocinmu da waya kulocinsu ke aiki, amma manya akwai masu aiki da mai. Wasu man birki suke sha, wasu wani mai dabam. Murfi ne ke faɗi, a karanta shi. Man inji kuwa, kada ya kusanci birki, yana kumbura robobi.

Wani zai ce kuɗi ne. Gaskiya ne, amma kwalba guda ba ta kai kuɗin jinyar karaya ba. Ɗan kabu-kabu a Maraɗi ko Damagaram ba ransa kaɗai ya ɗauko ba: akwai matar da ya goyo, akwai yaron da ke tsallaka titi. Ƴan'uwa makanikai, ku riƙa tuna ma masu moto wannan juye tun ba su tambaya ba. Allah ya kiyaye hanya.