An ce su tashi, ba a ce ga inda za su kwana ba

1/ Ku bi ta garejin Television bayan sha ɗayan dare. Bencin mai shayi, ƙofar shaguna, duk mutane ne kwance. Kuma wallahi ba duka ne 'yan shaye-shaye ba.

2/ Wasu ruwa ne ya koro su. Kogin Kaduna na cika a Agusta da Satumba, gidajen bakin ruwa a Nasarawa da Kigo Road ke fara nutsewa. Arhar haya ce ta kai talaka can, ba ganganci ba.

3/ Wasu kuwa katafila ce. 2015 aka hana bara, 2019 aka shiga sabunta birni, KASUPDA ta yi ta rusau. Tituna sun yi kyau, ban musa ba.

4/ In ambaliya ta zo, sai a kai mutane ajin firamare, a raba tabarma da shinkafa. Hutu na ƙarewa, ɗalibai su dawo, su kuma su tattara. Zuwa Disamba ga hunturu.

5/ SEMA, a kudancin kogin nan, ina ɗakin da mai yara uku za ta kwana wata biyu kafin ta haɗa kuɗin haya?