Sunan Jinin Al'ada a Bakin Likita

Matar da ta zauna gaban likita a Kano ko Zariya ta ce "ina fashin salla" ta gama magana, domin babu Bahaushiyar da ba za ta gane ba. Idan ta ce ta yi ɓatan wata, ko ciwon mara ya hana ta sakat, nan ma zance ya fito. Shi kuwa likitan, da ya shafe shekara shida yana karatu da Turanci, sai ya sunkuya ya rubuta a kati: dismenoriya, amenoriya, menorajiya. Matar ta koma gida da kati a hannu, ba ta san sunan abin da ke damunta ba.

Kalmomin nan aro Turanci ya yi daga Girkanci, kuma idan aka warware su babu abin tsoro a ciki. "Men" wata ne, "roya" kwarara. Dismenoriya al'ada ce mai ciwo, amenoriya ɗaukewarta, menorajiya kuma zubar da ta wuce kima.

Su kansu masu Turancin sun gaji da wasu daga cikinsu. A shekarar 2011, ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta ba da shawarar a yi watsi da irin su menorajiya, saboda an gano likitoci ba ma'ana ɗaya suke nufi da su ba, har a cikin littattafan koyarwa. Ta ce a faɗi abu da sunan da kowa zai ji: jini mai yawa, jini mai daɗewa, jini tsakanin al'ada da al'ada. A 2018 ta ƙara tantance iyaka: daga farkon wata al'ada zuwa farkon ta gaba kwana 24 zuwa 38, zubar kuma kada ta haura kwana 8. A Ingila, tun 2007 hukumar NICE ta daina dogaro da tsohon ma'aunin mililita 80, wanda babu matar da ke iya aunawa a gida. A wurinta, jini ya yi yawa ne idan ya hana mace gudanar da rayuwarta. Idan Bature ya sauko da maganarsa don 'yar'uwarsa ta fahimta, babu hujjar da likitan Bahaushiya zai ci gaba da riƙon tsohon yayi.

Kuma Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Yarinyar da ta karanta Ahalari ko Ishmawi a Islamiyya ta san haila, ta san jinin biƙi, ta san jinin cuta, ta iya ƙidayar kwanaki fiye da yadda ake zato. Sai dai tambayar da fiƙihu yake amsawa ita ce yaushe za a yi wanka a koma salla da azumi. A mazhabar Malikiyya haila tana iya kaiwa kwana 15. Saboda haka matar da ke kwana 12 tana zubar jini kowane wata tana iya kwantar da hankalinta cewa komai daidai ne, alhali jininta yana ƙarewa, jiri na ɗibarta, wataƙila ƙari ne yake girma a mahaifarta. Malaminta bai yi kuskure ba, hukuncin ibada ya koya mata. Gefen lafiya ne babu wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayaninsa da harshenta.

Cike wannan giɓi aikin makarantun koyon likitanci da na ungozoma ne, tare da sassan Hausa na jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello, su zauna da malaman mata na Islamiyya su tsayar da kalmomi kaɗan da za a riƙa ji iri ɗaya a asibiti da rediyo. Kafin nan, likita yana da tambayoyin da ba sa bukatar ƙamus: "Hajiya, kwana nawa kike yi? Auduga nawa kike canjawa a wuni? Da gudaji yake fita?" Akwai kuma jumla guda da ya kamata kowace dattijuwa ta ji da Hausa tsantsa: jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke shekara guda ba haila ba ce, a garzaya asibiti a duba mahaifa, domin yana daga cikin alamun farko na ciwon daji.