A Kama, A Auna, A Saki

A Gothic, cikin tsaunukan Rocky na jihar Kolorado a Amurka, inda tudu ya kai kusan mita 2,900, akwai tashar binciken halittu tun 1928. A can ne Kenneth Armitage ya fara ɗana wa marmot tarko a 1962. Dabba ce dangin kurege, sai dai ta fi shi jiki, kuma takan shafe wajen wata takwas tana barci a rami saboda sanyi. Tarkon keji ne na waya da ake zuba hatsi a ciki, tana shiga ƙofa ta rufe. Sai a auna ta, a maƙala mata lamba a kunne, a shafa mata rini a gadon baya, a sake ta. Har yau aikin bai tsaya ba, kuma a ganina ya cancanci kuɗin da yake ci.

A 2000 masu bincike a tashar suka bayyana cewa marmot na fitowa daga rami kwana 38 kafin lokacin da take fitowa shekara 23 da suka gabata. Wannan ido ma zai iya gani. Amma abin da sauyin ya yi wa jikinta, sai da ma'auni. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2010 ya nuna dabbobin na shiga rami da ƙarin ƙiba, waɗanda ke tsallake hunturu da rai sun ƙaru, yawansu kuma ya haɓaka. Da kashe su ake yi, da kowace dabba awo ɗaya za ta bayar, ba wanda zai san yadda ta ƙare ko 'ya'ya nawa ta bari.

Masu cewa wannan takura wa dabba ce suna da gaskiya, kuma bai kamata a rufe musu baki ba. Dabbar da ke cikin keji tana firgita, zafi ko sanyi na iya halaka ta idan aka yi sakaci. Maganin wannan yana hannun mai tarko: ya riƙa zagayawa a kan kari, ya rufe keji idan rana ta take, ya gaggauta sakin abin da ya kama. Wanda ba zai iya ba, to kada a ba shi izini. Wasu kuma na cewa kyamara ta wadatar, alhali kyamara ba ta auna nauyi, ba ta ɗibar jini.

Mu ma muna da irin wannan tasha a dajin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila, jihar Taraba, inda aka gano gafiya na binne 'ya'yan itatuwa, wasu ta mance da su har su tsiro. Abin da ake buƙata daga jami'o'inmu shi ne kuɗin da zai riƙe irin wannan aiki shekaru da dama, kada ya mutu ranar da ɗalibi ya karɓi digirinsa.