A Ba Kowane Yaro Wurin Zamansa

A makarantun firamare da yawa a nan Gezawa, ƙannenmu a ƙasa suke zama. Kullum da safe masu ƙarfi su kame gaba, su ture ƙanana baya inda ba sa ganin allo.

A watan Yunin 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Kafin bencina su wadata, muna roƙon malamanmu su shata layuka a daɓe, kowane yaro da wurinsa. Gajeru da masu raunin gani su zauna gaba, a bar wa malam hanyar zagayawa a tsakiya. Da an ga gurbi babu kowa, an san wanda aka tura gona ko talla, sai a bi sawunsa.