Ubangidan da Ba Ya Mutuwa

Ɗalibin fassara kan yi turus idan ya iso kan halittar nan ta tatsuniyoyin gabashin Turai da ake kira vampire. Abin da ke fara zuwa bakinsa shi ne maye, alhali maye rayayyen mutum ne a cikin gari, kuma kurwa yake kamawa. Wancan kuwa gawa ce da ke kwana a akwati da rana, ta tashi da dare ta sha jinin masu rai. A ce masa mashayin jini, ya wadatar. A ganina kalmar da ta fi wuya a finafinan barkwanci na wannan halitta tana bakin mai yi masa hidima ne, wato sunan da yake kiransa da shi: maigida ne, ko oga, ko ubangida?

Mu ɗauki fim ɗin Renfield na 2023, wanda Chris McKay ya ba da umarninsa, Nicolas Cage ya fito a matsayin Dracula, Nicholas Hoult kuma a matsayin baransa. A littafin Bram Stoker na 1897, Renfield majinyaci ne a gidan masu taɓin hankali, yana cin ƙudaje da gizo-gizo. Fim ɗin 1931 ya mayar da shi lauyan da ya je Transylvania kan cinikin gida, ya dawo bawa. Daga nan fim ɗin 2023 ya ɗauko zaren: shekara casa'in ta wuce, suna ɓoye a wani tsohon asibiti a New Orleans ta Amurka, Renfield yana nan yana jawo wa ubangidansa mutanen da zai sha jininsu, shi kuma yana tsangwamarsa wai kayan da ya kawo ba su da inganci. Har ta kai bara ya fara zuwa taron masu fama da miyagun abokan zama, inda kowa ke faɗin cutar da ake yi masa a tausaya masa.

Masu fim ɗin sun tallata shi a matsayin labarin ma'aikaci da mugun shugaba a wurin aiki. Ni ban yarda cewa oga ce kalmar ba. Oga, ko patron kamar yadda ake faɗa a Yamai da Garwa, yana biyanka albashi, ka tashi aiki da yamma ka koma gidanka. Renfield ba shi da albashi, ba shi da lokacin tashi, ya bar mata da 'ya saboda wannan hidima. Abin da ke tsakaninsu barantaka ce, irin wadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa kan mulkin Zazzau na 1960: bara ya ba da biyayya da ƙarfinsa, ubangida ya ba da ci da sutura da kariya. Amma duk wanda ya san kasuwa ya san cewa wannan alaƙa tana da ƙarshe. Yaro yana jure shekarun shago ne domin wata rana za a sallame shi, a ba shi jari, a yi masa aure, ya zama shi ma mai yara. Idan sallama ta yi jinkiri, tsufa da mutuwa kan buɗe ƙofa. To Dracula ba ya tsufa, ba ya mutuwa. Ubangida ne wanda aka cire wa ranar sallama, kuma a nan ne dariyar take, a nan ne kuma ban tsoron yake.

Shirin talabijin na What We Do in the Shadows, wanda aka fara a 2019, ya fi Renfield gane wannan. A kashi na farko, Guillermo ya cika shekara 10 yana yi wa Nandor bauta, yana share gida, yana toshe tagogi kada rana ta shigo, yana kawar da gawarwaki, duk a kan alkawarin cewa za a mayar da shi mashayin jini. Daren cikar shekarun ya zo, ya shirya wuyansa, sai ubangida ya miƙa masa hoton su biyu da ya yi da ƙyalƙyali. Nandor bai zage shi ba, bai doke shi ba, har ma yana ganin ya yi abin kirki. Wanda ya taɓa jiran ƙarin girma aka ba shi takardar yabo ba ya bukatar a fassara masa wannan fage. Alkawarin da ake ta ɗagawa ya fi tsawa ɗaure mutum, domin duk shekarar da ta ƙaru tana sa tafiya ta ƙara zama asara.

Akwai kuma wani abu da barkwanci kaɗai ke iya tonawa. A fim ɗin tsoro mashayin jini ne mai iko duka. A fim ɗin dariya sai a ga ashe ba ya iya fita da rana, ba ya shiga gida sai an gayyace shi, ba ya iya biyan kuɗin haya. A farkon Renfield, Dracula ƙonanne ne, tsoka a zagwanye, ba abin da zai iya sai bara ya yi jinyarsa. Amma da ya murmure sai ya juya zance, ya nuna wa Renfield cewa shi ne aka yi wa alfarma. Wannan juyin shi ne sana'ar mugun ubangida, kuma Cage ya san ta tun a Vampire's Kiss na ƙarshen shekarun 1980, inda ya fito a matsayin wakilin marubuta a New York mai zaton ya zama mashayin jini, yana gallaza wa sakatariyarsa Alva kan wata tsohuwar takardar kwangila da ta ɓace a cikin fayil.

Inda nake da ja da Renfield shi ne maganin da ya bayar. Fim ɗin yana so mu ɗauka cewa ciwon yana cikin zuciyar bara ne: ya karanta littafin ƙarfafa gwiwa, ya kama ɗaki, ya sayi rigar sanyi mai launi, ya koyi cewa a'a. Da aka zo rabuwa ta gaskiya kuwa, ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi aiki. Dracula ya shigo ɗakin saboda tabarmar bakin ƙofa tana ɗauke da kalmar maraba, daga baya ya karkashe 'yan taron. Renfield ya tsira ne da ƙarfin da yake samu idan ya ci ƙwari, ƙarfin da Dracula ya ba shi, da kuma taimakon 'yar sanda Rebecca, wadda Awkwafina ta fito a matsayinta. Su biyun suka daddatsa shi, suka zuba gutsattsarin a siminti, suka watsa a magudanar ruwa. Ko 'yan taron da suka mutu, da jinin Dracula aka tashe su. Wato duk jarin da bara ya fita da shi na ubangida ne, ƙwata ya yi tunda an hana shi. Alva ba ta da ƙwaron da za ta ci. Ranar da ta ce ba ta da lafiya ta zauna a gida, ogan nata ya hau tasi ya je har ƙofar gidansu ya lallashe ta ta koma ofis.