Juyen baƙin mai: motar gudu da motar kai yara makaranta

Yau za mu bar kicin da ɗakin yara mu leƙa gareji, domin tambayoyi biyu sun iso mini a mako guda, da na duba kuma sai na ga amsarsu ɗaya ce. Ta farko daga wata uwa ce da ɗanta ya fara aiki ya sayo BMW 'yar Kwatano, irin mai gudun nan. Ita ta cika masa kuɗin da kwasar adashinta, yanzu kuma tana ganin yana kai motar juye wurin bakaniken da ke gyara musu janareta, hankalinta bai kwanta ba. Ta biyu kuwa Sienna gare ta, ba ta zuwa ko'ina sai makarantar yara, Islamiyya da kasuwa. Maigida ya ce tunda motar ba ta yin nisa, juye sau ɗaya a shekara ma ɓarnar kuɗi ne.

Mu fara da motar gudun, don ita ce ke fito da maganar fili. Kamfanin Nissan na Japan yana da wata motar tsere mai suna GT-R. A littafinta ba su tsaya ga lissafin kilomita kaɗai ba, sun ɗaura lokacin juye a kan irin zafin da man ya sha. Idan zafinsa ya haura digiri 110, wa'adin ya ragu zuwa kilomita 5,000. Idan ya wuce digiri 130, babu batun jira, a juye shi da zarar an tsaya, ko da jiya aka zuba. Wato wahalar da baƙin mai ya sha ita ke ƙarar da shi, nisan tafiya ma'auni ne kawai na kintace. Ki riƙe wannan, zai yi mana amfani idan mun zo kan Sienna.

A jikin galan za ki ga an rubuta 5W-30, ko 0W-20, ko 20W-50. Kin san yadda manja ke daskarewa a kwalba da hunturu, sai an ajiye shi a rana yake sakewa? Baƙin mai ma yana da wannan hali. Lambar farko mai W tana nuna yadda yake gudana da safe kafin injin ya ɗau zafi, kuma gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon saurin isarsa lungunan injin idan an tayar da mota. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa bayan ya kai digiri 100.

Motocin gudu ba su da lamba guda da ta haɗa su. BMW M3 ta tsakanin 2001 da 2013 mai kauri take sha, 10W-60. GT-R ɗin can 0W-40 ne nata. Kamfanonin Jamus ma ba su tsaya ga kauri ba, kowanne yana da lambar amincewarsa da ake bugawa a bayan galan: yawancin Benz masu shan fetur da ke yawo a titunanmu suna neman MB 229.5, BMW da dama suna neman Longlife-01, Volkswagen da Audi kuma 502 00. Don haka Hajiya, abin da za ki ce wa yaronki shi ne ya buɗe littafin motar, idan ba ta zo da shi ba ya sauke shi daga intanet da sunan motar da shekararta, ya ga abin da aka rubuta, sannan ya juya galan ya nemi wannan lambar da idonsa. Irin waɗannan injuna man sintetik suke so, musamman masu turbo, wadda ke juyawa sama da sau dubu ɗari a minti guda cikin zafin hayaƙin injin, kuma baƙin man nan ne kaɗai ke tsakaninta da ƙonewa. Akwai kuma wasu haruffa da ke biye da API a galan: SN ta fito a 2010, SP a 2020. Ga ƙaramin injin zamani mai turbo, SP ce ta fi dacewa, domin an tsara ta ne don rage wata irin fashewar fetur kafin lokaci da ke iya fasa fistin.

Idan kuma yana cikin masu wasan mota a bikin abokai, ana ƙure inji ana ta da ƙura, to wannan wata magana ce da ke tsakaninki da shi, kuma ta fi ta baƙin mai girma. Amma ko ta fuskar injin kaɗai, ya raba wa'adin littafin gida biyu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wanda bai shirya sayen galan mai tsada sau biyu ko uku a shekara ba, bai shirya riƙe irin wannan mota ba.

Yanzu ga abin da za ki ji a gareji, ko da wace mota kika je: ƙasarmu da zafi, a zuba 20W-50 mai kauri. Ba mugunta ba ce. Yawancin manyan bakanikenmu a kan Peugeot 504 da 505 suka koyi aiki, zamanin da ake harhaɗa su a Kaduna, kuma waɗannan injuna mai kaurin ya karɓe su. Injin yanzu hanyoyin mansa sirara ne. Idan kin taɓa ganin an rubuta VVT-i a kan injin Toyota, wannan na'ura da ƙarfin turin mai take aiki, mai kauri kuwa yana isa gare ta a makare, musamman da safe. Sannan zafin cikin inji ba rana ce ke tsara shi ba. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake kira tamostat da ke riƙe ruwan injin a wajen digiri 90, a Sakkwato motar take ko a Landan. (Wannan ɗan ƙarfen ne wasu ke cirewa su yar da zarar mota ta sauka, wai don kada ta yi zafi. Kada ki yarda. Injin da bai kai zafinsa ba ya fi shan fetur, ya fi saurin ɓata mai.) Gaskiya ne wasu littattafan sun ba da damar a ɗan ƙara kauri idan ana doguwar tafiya da gudu ko da kaya masu nauyi. Daga 0W-20 zuwa 5W-30 abin a tattauna ne. Daga 0W-20 a yi tsalle zuwa 20W-50 kuwa, ni ba zan bari a yi wa motata ba. Sau da yawa ma lambar tana rubuce a murfin da ake zuba man, ki sa a buɗe bonet ki karanta da kanki.

To mu dawo kan Sienna, da duk wata Corolla ko Accord da ke aikin kai yara da ɗauko su. Maigida yana kallon lambar kilomita ne yana ganin ba ta motsa ba. Amma ki lissafa ranar motar nan. Tafiyar minti goma da safe, a kashe. Kafin man ya yi zafin da zai kori raɓar ruwa da ɗigon fetur da ke sauka cikinsa, an riga an iso. Da azahar a tsaya a ƙofar makaranta minti ashirin ko talatin da inji a kunne saboda na'urar sanyi, a watan Afrilu da zafi ke kai digiri 40, inji yana aiki, mita ba ta ƙirga komai. Sai cunkoson bakin kasuwa. Sai ƙurar hunturu, da titin unguwa da ba a sa wa kwalta ba. Wannan mota ta fi wadda ke zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna wahalar da mai, duk da cewa waccan ta fi ta tara kilomita. Ƙarshen irin wannan man shi ne ya koma laka baƙa ƙirin, ya toshe hanyoyinsa.

Toyota kanta ta faɗi haka a jadawalin motocinta na Amurka. Ga masu shan 0W-20 sintetik, irin su Sienna ta 2011 zuwa 2020, mil 10,000 ne ko wata 12. Amma idan ana bin hanya mai ƙura ko ana yawan tsayuwa da inji a kunne, ya koma mil 5,000 ko wata 6. Waɗanda suka girme ta, masu shan 5W-30, da ma can mil 5,000 ko wata 6 ne nasu. Duk wanda ya riga cika, shi ake bi, kuma ga motar kai yara kusan kullum watannin ne ke riga cika. Ki lura da wani abu: motar da ta fito daga Amurka mil take ƙirgawa, mil 5,000 kuwa kusan kilomita 8,000 ne. Idan bakanike ya ce ki dawo bayan dubu biyar, ki tambaye shi dubu biyar ɗin me.

Shawarata mai sauƙi ita ce ki ɗaura juye da kalandar da kika riga kika sani: ɗaya a Satumba idan za a koma makaranta, ɗaya a Maris bayan ƙura ta lafa, kafin zafi ya kankama. Kowane juye da sabuwar filtar mai, a Maris kuma a duba ta iska.

Saura jabu, wanda ya fi kuskuren lamba haɗari. Araha ba ta ado. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba ki san me ke ciki ba. Ki saya a babban gidan mai ko wurin dillalin da aka sani, ki duba hatimin murfin bai fashe ba, a buɗe shi a gabanki ko a gaban wanda kika amince da shi. Idan an gama a huda galan ɗin, don galan mai kyau da aka bari a gareji shi ake sake cikawa a sayar wa wata. Ragowar kuma naki ne, ki sa a but.

Tsakanin juye da juye, sau ɗaya a mako biyu, ki ja sandar awon mai da safe kafin a tayar da mota, a wuri mai daidai. Ki goge, ki mayar, ki sake ja. Man ya kasance tsakanin alamomin nan biyu. Baƙinsa ba abin tsoro ba ne, aikinsa ke nan ya kwashe dauɗa. Idan kika ga ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, a kira bakanike ya zo, kada a tuƙa. Jar fitilar nan mai kama da buta idan ta kama kina tafiya, ki sauka gefe ki kashe injin nan take, ko da gida na hango ki. Tana nufin man ba ya zagayawa, kuma mintuna kaɗan sun isa injin ya buga.

Tsohon man da aka juye kuma kada a shigo miki da shi gida a gorar lemo inda yara ke wasa, kada a zubar da shi kusa da rijiya, kada kuma wani ya ce a shafa wa yaro a ƙurji ko makero. Guba ne a ciki, cuta ne a fata.

Wadda ta rasa littafin motarta ta rubuta mini sunan motar, shekararta da abin da ke jikin murfin man a nan ƙasa, mu duba tare. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.